Zuwa ga Amaryar Sabuwa

Ƙanwata,

Ya baƙunta, ya mutanen Sabuwa? Mu nan Ƙanƙara lafiya lau, sai kewarki. Inna na gaishe ki, ta ce kar ki manta da daddawarta.

Saƙonki na murya sau uku na saurare shi. Kin ce kullum maigidan naki fuska a murtuke, ba ki gane fushinsa balle farin cikinsa, har kin fara zargin ko auren ne bai kwanta masa a rai ba. Ki yafe ni, sai da na yi dariya tukuna na zauna tunani.

Ki tuna gidan da muka tashi. Baba fari ne tas, irin Fulanin Faskari. In ransa ya ɓaci, tun daga zaure za mu hango kunnuwansa sun yi jawur, nan da nan kowa ta nemi tsintsiya. In abokan wasansa suka ba shi kunya, kumatunsa ne ke tona masa asiri. A fuskarsa muka koyi karatun fuska. Ke kuma sai Allah ya haɗa ki da baƙin mutum, kina ta neman ja a inda ba za ki gan shi ba. Jini na hawa fuskarsa kamar ta kowa, fatar ce ke rufe shi. Tun 1872 wani Bature ɗan Ingila, Charles Darwin, ya rubuta cewa baƙar fata ma takan sauya in an ji kunya, sai dai duhu take ƙarawa.

Launin kuwa ba ƙaramin aiki yake yi wa ido ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun ɗauki hotunan fuskokin da ba murmushi ba ɗaurewa, suka sauya musu launi kawai, mutane suka riƙa cankar wannan farin ciki ne, wannan fushi ne. Binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne na 2003, can Amurka: an nuna wa Turawa fuska tana sakewa a hankali daga fushi zuwa fara'a, sai masu ɓoyayyar ƙyamar baƙar fata suka fi daɗewa suna ganin fushin in fuskar ta baƙi ce. Kar mu yi saurin zagin su. Mu da muke cewa baƙin rai, baƙin hali, baƙar magana, 'yan matanmu kuma na ta shafa man bilicin? Ina tsoron idonki ma ya ɗan sha wannan ruwan.

Ni a wurin aiki na daina dogara da kumatu. In aka kawo min yaro ana zargin ƙarancin jini, fatar idonsa ta ƙasa nake ja, in duba tafin hannu da leɓe. Haka damuwa ma take da mafakarta. A Disambar 2020, da aka kwashe 'yan makarantar kimiyya ta garin nan, na ga iyaye cirko-cirko a bakin ƙofar makarantar. Akwai wani dattijo baƙi ƙirin, bai yi kuka ba, bai ce uffan ba. Amma fuskar ta dushe ta koma toka-toka, leɓensa ya bushe, idanun sun kaɗa sun yi ja. Wani zai ce hunturu ne. Bayan kwana shida, da labari ya zo an sako yara 344, na sake ganinsa a bakin kasuwa, hunturun na nan, amma goshinsa har sheƙi yake.

To ki bar kumatun maigidanki su huta. Ki duba idonsa, ki duba jijiyar gefen goshinsa, ki saurari yadda yake amsa sannu da zuwa. Ranar kamu, da ƙawayenki suka tsare shi da tsiya, ina kallonsa: ya sunkuyar da kai yana ta murza bakin hularsa, gumi na tsattsafo masa a hanci. Ke kina cikin lulluɓi, ba ki gani ba.

In kuma bayan duk wannan kin tabbatar fushin ne da gaske, ki kira ni, wannan wata maganar ce daban. Ki gaishe min da shi da surukarki.

Taki,
Yaya