Baƙin ɗari a gulbin Gidan Rumji

Matafiyin da ya baro Maraɗi da sassafe ya miƙi kwalta zuwa Birnin Konni, bayan ya wuce Tibirin Gobir zai iso Gidan Rumji da hantsi. Yawancin fatake da ma'aikata ba su tsayawa nan sai don shan ruwa ko duba taya. Amma wanda ya gangara kwarin Gulbin Maraɗi a watan Disamba ko Janairu, lokacin da ƙura ta rufe sama, zai tarar da baƙin da suka fi shi nisan tafiya.

A wannan lokaci ruwan gulbi ya janye, sai tabkunan da damina ta bari nan da can. Shamuwa, wadda manomi ke murna da ganinta a kan bishiyoyin gari, ta daɗe da yin kudu. Balbela da zalɓe suna nan, su ƴan gida ne. Tare da su kuma akwai waɗanda suka gujo sanyin Turai suka ƙetare teku da Hamada: tsattsewa, ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ke tsintar abinci cikin laka, da wani siririn shaho mai launin toka da ke shawagi bisa karan gero yana kama fara. Fararen tsuntsayen bakin teku kuwa sun fi son manyan ruwaye, kamar kogin Kwara da tabkin Cadi.

Wani sa'in maharbi ko yaro mai danƙo ya kan tsinci zoben ƙarfe a ƙafar ɗaya daga cikinsu. Wasu su ce laya ce, wasu su ce ɗan leƙen asiri ne. Gaskiyar maganar ita ce, zoben kamar katin shaida yake. An rubuta masa lamba da sunan wurin da aka sa shi: na Faransa suna ɗauke da sunan gidan adana halittu na Paris, wasu na Jamus kuma da sunan Helgoland ko Radolfzell.

Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara wannan aiki a 1899. Kafin nan, a 1822, an harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz na Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Ita ta tabbatar wa Turawa inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi. Yau har na'ura ake ɗaura wa wasu a baya, ana bin su ta tauraron ɗan'adam.

Na'urar ba ta tsare rai ba. Wata farar ungulu da aka ɗaura wa irinta a ƙasar Girka a 2013, aka raɗa mata suna Paschalis, ta iso Nijar lafiya, amma a watan Fabrairu na 2014 wani maharbi ya kashe ta a jihar Damagaram don a sayar wa masu magani a Najeriya. Alhali irin wannan ungulu ta kusa ƙarewa a yankin da ta fito.

Hasarar ta shafi Gidan Rumji ma. Shahon da ke cin fara da rani yana rage wadda za ta yi ƙwai ta faɗa wa shuka da damina, ungulu kuma tana ɗebe mushe kafin ya yaɗa cuta.

Saboda haka wanda zobe ya shigo hannunsa, ya rubuta lambar, da ranar, da sunan ƙauyen, ya kai wa ma'aikatan gandun daji. In tsuntsun na da rai, a sake shi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Waɗannan baƙi kuwa, kafin watan Afrilu ya ƙare sun kama hanyar arewa.