Yatsana yana cikin BVAS, amma wa ke riƙe da ita?

Jama'a, ranar 25 ga Fabrairu 2023 a rumfarmu nan Daura, BVAS ta gane yatsana nan take. Har na ce wa na bayana, ai maguɗi ya ƙare.

Sai aka ɗage zaɓen gwamna daga 11 zuwa 18 ga Maris don a sake saita na'urorin, INEC ta ce ta kwashe bayanan cikinsu zuwa rumbunta. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe shaidar da ke cikin na'ura amanarta tana hannun mai ajiye na'urar ne.

Kafin 2027 mu tambaya: ina ake ajiye su, wa ke iya buɗe cikinsu, a gaban wa? Wakilin jam'iyya kuma, kar ka bar rumfa sai da kwafin EC8A mai sa hannu.

Allah ya ba mu shugabanni nagari.