Paris: birnin da ruwansa ke haifar dutse

Birnin Paris a kan farin dutse yake zaune, da farin dutse kuma aka gina shi. Duk wanda ya bi gaɓar kogin Seine daga cocin Notre-Dame zuwa fadar Louvre zai ga gine-gine masu launi ɗaya, fari mai sirkin rawaya, domin akasarin duwatsun daga ƙarƙashin birnin da kewayensa aka haƙo su. Ramukan da magina suka bari suna nan har yau, kuma tun shekarar 1786 hukuma ta mayar da wani sashe nasu ma'ajiyar ƙasusuwan da aka kwaso daga tsofaffin maƙabartu. Faransawa na kiran wannan dutse kalker. Dangin alli ne, irinsa ne kuma ake haƙa a Malbaza domin yin siminti. Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne dutsen bai tsaya a bango ba. Yana nan narke cikin ruwan famfo, yana shiga kowane gida dare da rana.

Ma'aikacin gwamnati da aka tura ƙaro ilimi, ko ɗan kasuwa da ya sauka wajen ƴan uwa a unguwar Château Rouge, ba ya yin wata guda sai ya ga alama. Butar kuran da ake tafasa ruwan shayi za ta yi farin ɓawo a ƙasanta. Shayin kansa yakan yi wata siririyar yana a sama idan ya huce. Kofin gilas, komai wanki, sai ya bushe da ɗigon fari, sabulu kuwa ba ya kumfa yadda aka saba. Wasu baƙi kan ɗauka ƙazanta ce, wasu su ce magani ne aka zuba ya yi yawa. Ruwan kuwa garau yake, ba shi da ɗanɗanon zartsi, kuma ana auna tsabtarsa kullum.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin wannan yana cikin tarihin birnin. A shekarar 1832 annobar kwalara ta kashe mutum wajen 18,000 a Paris, lokacin da jama'a ke shan ruwan kogi da na rijiyoyin da ke daura da shadda. A zamanin sarki Napoleon na uku, shugaban jihar Seine, Haussmann, da injiniyansa Eugène Belgrand suka ƙudura janyo ruwan maɓuɓɓuga daga nesa. Magudanar Dhuis ta fara aiki a 1865, ta Vanne ta biyo baya a 1874, mai tsawon fiye da kilomita 150, wato ta zarce tazarar da ke tsakanin Yamai da Doso. Daga baya aka ƙara ta Avre a 1893, ta Loing a 1900, da ta Voulzie a 1925. Ruwan yana gangarowa da kansa, a hankali, cikin duhu da sanyi, zuwa manyan ma'ajiyai irin ta Montsouris a kudancin birni, wadda mai wucewa zai zata wani tudu ne da ciyawa ta lulluɓe, alhali tana iya riƙe ruwa kimanin mita kubik 200,000. A da, har kifaye ake kiwo a can, in sun nuna alamar ciwo a gane ruwa ya gurɓata.

Yau kusan rabin ruwan birnin daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, sauran kuma daga kogunan Seine da Marne, bayan an tace shi a Orly da Joinville. Tun 2010 hukumar birni ce ke riƙe da harkar ta hannun ma'aikatar Eau de Paris, bayan shekara 25 da rabon ruwa ya yi a hannun kamfanoni masu zaman kansu. To amma ko maɓuɓɓuga ko kogi, duka ta ƙasar alli suka ratso. Ruwan sama yakan haɗiyi iskar karbon a sararin sama da cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami, sannan ya narkar da dutsen sannu a hankali. Shi ya sa mutanen Bretagne, waɗanda ƙasarsu ta dutse mai tauri ce irin duwatsun Damagaram, ba su san wannan matsala sosai ba.

Faransawa suna da ma'auni na musamman: digiri ɗaya na nufin miligiram 10 na alli a cikin lita guda. Ruwan Paris yana tsakanin digiri 20 da 30, gwargwadon unguwa da mafarin ruwanta. In aka ɗauki 25, kowace mita kubik tana ɗauke da giram 250. Gidan da ke dumama lita 100 a rana, a shekara alli wajen kilo 9 ya bi ta tukunyarsa. Ba duka ke zama ba, amma abin da ya zauna ya isa ɓarna.

Zafi ne ke fito da shi. Idan ruwa ya ɗauki wuta, musamman ya haura digiri 60, iskar da ke riƙe da allin a narke sai ta tashi, shi kuma ya koma dutse ya manne inda ya fi zafi, wato a jikin ƙarfen da ke dumama ruwan. Ɓawon ba ya barin zafi ya wuce, don haka ƙarfen yakan daɗe yana aiki, ya yi zafi fiye da ƙima, daga ƙarshe ya ƙone. Haka abin yake a tukunyar dumama ruwan wanka, da injin wankin tufafi, da na wankin kwanoni, da na dafa kofi. Ƙarfen guga mai tururi yakan toshe, ko ya tofa farin gari a kan riga. Ramukan famfon wanka kan liƙe ɗaya bayan ɗaya, famfo ya dinga ɗiga, tawul ya yi kaushi kamar buhu. Masu gyaran famfo na birnin sun saba buɗe tsohuwar tukunyar wanka su kwashe ɓarɓashin dutse da cokali.

Mutanen Paris sun koyi zama da wannan maƙwabci. A kowane babban kanti akwai kanta guda ta maganin alli: gishirin injin wankin kwanoni, garin Calgon, tulun tace ruwa na Brita, da farin binegar, wanda ya fi su araha duka. A zuba shi a buta, a ɗan dumama, a bari ya jiƙa, sai ɓawon ya narke. Ruwan lemun tsami ma yana yin wannan aiki. Abin da ake gargaɗi a kai shi ne haɗa binegar da ruwan jabel, domin hayaƙinsu guba ne. Tukunyar wanka kuma ana saita ta tsakanin digiri 55 da 60: in ta yi sama alli ya ƙaru, in ta yi ƙasa sosai wata ƙwayar cutar huhu ta samu wurin hayayyafa.

Abin mamaki, allin da ke kashe inji ba ya cutar mai sha. Hukumar lafiya ta duniya ba ta ga dalilin lafiya da zai sa ta yanke masa iyaka ba. Ruwan famfon Paris yana da kalsiyum kusan miligiram 90 a lita, ruwan kwalba na Evian kuwa da ake saye da kuɗi yana da 80. Duk da haka masu son shayi mai kyau suna da wurin zuwa. A dandalin Paul-Verlaine na unguwar Butte-aux-Cailles da lambun Lamartine na Passy akwai famfunan rijiyoyi masu zurfin mita 600 ko kusa da haka, waɗanda ruwansu ba shi da alli da yawa. Can ake ganin tsofaffi da matasa a layi da kwalabe da jarkoki, suna ɗiba kyauta.

Labarin bai ƙare a bakin Seine ba, domin tsofaffin injuna da yawa na gidajen Turai kan shiga kwantena su sauka Kotonu ko Lome, su ƙarasa kasuwannin Maradi da Yamai. Fentinsu na iya zama sabo fil, alhali cikinsu ya shekara goma yana tara dutse. Ɗan kasuwa mai lura yakan haska cikin buta, ya duba ramukan ƙarfen guga, ya sa mai gyara ya zaro ƙarfen dumama na injin wanki kafin a yi ciniki. In ɓawon ya yi kauri, sai a rage kuɗin sauya ƙarfen daga farashi, ko a bar kayan ga mai shi.