Wata biyu a shekara gem yake cinye mana

Mu uku ne, ajinmu ɗaya tun JSS 1, kuma tare muka faɗa harkar gem. A shagon PlayStation na bakin layinmu muka fara, inda kuɗin taranmu ke ƙarewa a buga ƙwallo. Da muka samu waya a SS 2, sai PUBG da Free Fire suka biyo mu har ɗaki. Mukan ce wasa ɗaya kawai za mu yi, ba mu ankara ba sai mu ji kiran assalatu. Da safe kuma sai gyangyaɗi a aji.

JAMB ce ta farkar da mu. Dukanmu makinmu bai kai ba, muka zauna gida shekara guda cur, sa'o'inmu suna jami'a. Wata rana muka ɗauki biro muka yi lissafi: awa 4 kullum, a shekara awa 1,460 ke nan, wato kwana 60 da ɗoriya. Wata biyu, dare da rana, ban da kuɗin data da na caji.

Daga baya muka gane ba mu kaɗai ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan komai, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar. Su ma wasannin an tsara su ne don ka dawo: kyautar kullum, da matsayin da kake tsoron a wuce ka.

Ba a rana ɗaya muka daina ba. Sau biyu muna gogewa muna sake saukewa. Abin da ya yi mana aiki shi ne mu miƙa wa iyayenmu mata wayoyin bayan sallar isha'i, mu koma filin ƙwallo da yamma, mu bar gem sai Asabar, awa biyu.

Ƙannenmu, ba mu ce gem haramun ba ne, har yanzu muna taɓawa. Amma yau da dare ku yi irin lissafin da muka yi, kafin jarrabawa ta yi muku shi. Mu shekara guda ya ci mana.