Tudun Toskana da Dokin Unguwa

Duk garin da na shiga a yankin Toskana na ƙasar Italiya, sai na sha hawa kafin in kai ƙofarsa. Mutanen da can ba don sha'awar kallo suka kafa garuruwansu a kan tsauni ba. A kwari akwai fadama da zazzaɓin cizon sauro, ga mahara, kuma wanda ke sama shi ke fara hango ƙurar abokin gaba.

A San Jiminyano na fara yada zango. Tun daga nesa ake ganin hasumiyoyinta na dutse guda 14, ragowar 72 da aka ce gidajen attajirai sun gina, kowa na son tasa ta ɗara ta maƙwabcinsa. Da cinikin za'afaran suka tara dukiya, da kuma baƙin da ke bi ta nan zuwa ziyara birnin Rum. Annobar 1348 ta karya garin, a 1353 ya miƙa wuya ga birnin Fulorens. Talaucin da ya biyo baya shi ya tsare masa kamanninsa, don ba a sami mai kuɗin rushewa ya sake gini ba.

A wani ɗan gidan abinci da ke cikin lungu, na gaya wa dattijuwar da ke wurin cewa ba na cin naman alade, ba na shan giya. Wajibi ne Musulmi ya faɗa, domin har a romo sukan sa. Ta yi murmushi ta ce, "Zauna ɗana, kakanninmu ma ba kullum suke ganin nama ba." Ta kawo mini ribollita, faten wake da ganyen kabeji mai duhu da busasshen burodi, an sake ɗumama shi, an tsiyaya ɗanyen man zaitun a kai. Burodinsu babu gishiri ko kaɗan, lami ne idan aka ci shi kaɗai, amma da ya sha romo sai ka gane dalilinsa. Na tsaya na kalli yadda take murza pici a kan katako, taliya mai kauri ta fulawa da ruwa, ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, babu biyu da suka zo daidai. Da tumatir da tafarnuwa ta haɗa mini. Abincin manoma ne da ba su san zubar da komai ba, kuma har na bar ƙasar ban ci wanda ya fi shi ba.

Piyenza ratsawa kawai na yi. Paparoma Pius na Biyu ne ya sake gina ƙauyen haihuwarsa daga 1459, yau kuma titinta ƙamshin cukun madarar tumaki yake yi.

Siyena ce ta riƙe ni. Na iso tsakiyar watan Agusta, an riga an shimfiɗa ƙasa a kewayen dandalin Kampo saboda tseren dawakin Paliyo, wanda ake yi ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta kowace shekara. Tsohon garin unguwa 17 ne, kowace da tutarta, cocinta, famfon ruwanta da tambarinta: akwai ta Kunkuru, ta Dodon Koɗi, ta Raƙumin Dawa, ta Beguwa, ta Mujiya. Jariri ana kai shi famfon unguwa a shafa masa ruwa, a ɗaura masa gyalen unguwar, ya zama nasu har kabari. Wani dattijo da muka zauna benci ɗaya ya ce mini matarsa 'yar wata unguwa ce, idan kwanakin tsere suka zo takan koma wajen danginta. Ba da wasa ya faɗa ba.

Unguwa goma ke shiga kowane tsere, kuma ba su ke zaɓen doki ba, ƙuri'a ake jefawa. Da zarar doki ya faɗo hannunsu sai a sa mai kula da shi ya kwana tare da shi. Mahayin kuwa ɗan haya ne, da yawansu daga tsibirin Sardiniya, kuma ba a cika sakin jiki da shi ba, don kuɗin abokan hamayya na iya juya shi. Daren jajibere aka jera tebura a kan titi, ɗaruruwan mutane suka ci tare, tsofaffi na ba da waƙa yara na amshi, matasan unguwa na rarraba faranti. Washegari da rana aka ja dokin har cikin coci, limaminsu ya yi masa addu'ar ya je ya dawo da nasara.

Jerin gwanon da ke gaban tseren ya tuna mini hawan Daushe a Kano, yadda kowane hakimi ke wucewa da jama'arsa da makaɗansa. Nan ma kowace unguwa da masu ganga da masu wasa da tuta, cikin tufafin kakanni. Tseren kansa zagaye uku ne, bai fi minti ɗaya da rabi ba, babu sirdi. A kwanar San Martino an jera katifu a jikin bango, don nan dawaki suka fi faɗuwa. Masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna kuka a kan wannan, kuma da na ga gudun da ake shiga kwanar da shi na san kukansu da hujja.

Ko mahayi ya faɗi, in dokin ya riga saura unguwarsa ta ci. Zuwa na biyu kuwa kaye ne mai ciwo, ya fi na ƙarshe zafi. Ladan duka ƙyallen siliki ne mai zane. Na ga magidanta da furfura suna kuka wiwi, sun ɗauki ƙyallen sun nufi babban coci don yin godiya. Bayan wasu makonni, in ji dattijon nan, za su yi walimar nasara a titi, kuma dokin za a tsayar a wajen manyan baƙi, da nasa abincin a gabansa.