Kafin Ka Sayi Tsohuwar Beetle, Duba Lambar Injinta

Tun ina yaro nake sha'awar Volkswagen Beetle, motar nan mai ƙirar kunkuru wadda aka fara haɗawa a Legas cikin 1975. An daina ƙera ta tun 2003, saboda haka wadda ke ɗauke da injinta na asali ta fi daraja. Nan ne wasu dillalai ke cin kasuwarsu.

Ni dai in dillali ya rantse mini ba a taɓa canja inji ba, ba na musu. Sai in buɗe bayan motar, in goge baƙin mai a gindin dainamo, inda aka buga lamba. A injin Jamus harafin farko ke faɗin girmansa, watau D na 1200, F na 1300, H na 1500. In ya saɓa da ƙirar motar, an canja. In lambar ta ƙare da X, kamfani ne ya sabunta injin. In kuwa wurin ya sha magagari, to a yi hattara.

Injin canji yana iya kai mutum Kano lafiya lau. Amma ba zan biya kuɗin na asali a ba ni na aro ba.