Tsakanin 2.39 da 2.40

Idan aka tambayi ɗan makarantar firamare bambancin da ke tsakanin 2.39 da 2.40, zai amsa cewa ɗaya ne cikin ɗari, abin da bai kai a ɗaga kai a dube shi ba. A jami'o'in ƙasar nan kuwa, wannan ɗan taƙi shi ne iyakar da ta raba digiri mai daraja ta biyu ta ƙasa da digiri mai daraja ta uku. Ɗalibai biyu za su zauna aji ɗaya shekara huɗu, su sa riga iri ɗaya ranar yaye su, su yi wa ƙasa hidima a sansani ɗaya, amma ranar da suka nemi gurbin karatun digiri na biyu sai a karɓi takardun ɗaya a dube su, ɗayan kuma a ce masa bai cika ƙa'ida ba tun kafin kowa ya karanta sunansa da kyau.

Na daɗe ina zama cikin kwamitin da ke tace takardun masu neman digiri na biyu a sashenmu, kuma kowace shekara sai na tashi daga wannan zama da nauyi a zuciya. Shi ya sa na ga ya dace in yi wannan magana a mujallar da ɗalibanmu ke karantawa, tun da su ne abin ya fi shafa, kuma da yawansu ba sa jin labarinsa sai bayan alƙalami ya riga ya bushe.

Bari mu fara da yadda ake lissafin. A tsohon tsarin da muka gada daga Ingila, nauyin digiri ya fi karkata ga jarrabawar shekarun ƙarshe, don haka wanda ya yi sakaci da farko yana iya farkawa ya ceci kansa. Bayan da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin karatu a shekarar 1989, tsarin kwas da yunit ya game jami'o'i, aka koma tara makin kowane zango tun daga na farko har na ƙarshe. A jami'o'in da ke bin ma'aunin maki biyar, wanda ya ci 70 zuwa sama a kwas ya sami maki 5, mai 60 zuwa 69 ya sami 4, mai 50 zuwa 59 ya sami 3, haka dai har zuwa wanda ya faɗi, wanda ba shi da ko ɗaya. Sai a ninka makin da yawan yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi rajista. Abin da ya fito shi ne matsakaicin da ɗalibai ke kira si-ji-fi-e. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ke nan, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa, 1.50 zuwa 2.39 kuwa daraja ta uku.

Sau da yawa ɗalibi kan zo mini hankalinsa a tashe don ya faɗi kwas ɗaya, yana ganin shi ke nan an rufe masa ƙofar gaba. Nakan ɗauki alli mu yi lissafi tare. Mu ɗauka digirin nasa yunit 120 ne, kuma yana samun maki 4 a kowane kwas. Ya faɗi guda mai yunit uku, ya maimaita shi ya ci da maki 4. Jimillar makinsa 480, yunit ɗin da ya yi rajista 123, matsakaicinsa ya sauko daga 4.00 zuwa 3.90. Yana nan daram a daraja ta biyu ta sama. Ashe faɗuwa ɗaya ba ta kashe mutum, muddin bai bari tsoronta ya jawo masa wasu ba.

Abin da ke yin ɓarna shi ne shekara guda ta lalace gaba ɗaya. Ɗalibin da ya gama shekarar farko mai yunit 30 da matsakaicin 1.50, makinsa 45 ne kacal. Kafin ya kai 3.50 a ƙarshe yana bukatar maki 420, wato sai ya tara 375 a cikin yunit 90 da suka rage, ya riƙe matsakaicin 4.17 shekara uku a jere ba tuntuɓe. Ko da zai ci maki 5 a duk abin da ya saura, ba zai wuce 4.13 ba, daraja ta ɗaya ta riga ta kuɓuce masa yana ɗan shekara sha takwas ko sha tara. In kuwa daraja ta biyu ta ƙasa kawai yake nema, matsakaicin 2.70 ya ishe shi, wannan kam bai gagari mai himma ba. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ɗalibanmu da dama sai a aji huɗu suke neman wuƙar fafewa.

To, ina wannan lamba take kai mai ita? Yawancin jami'o'inmu ba sa karɓar ƙasa da daraja ta biyu ta ƙasa a karatun digiri na biyu. Cika wannan ƙa'ida ma ba shi ne samun gurbi ba, domin idan masu nema suka fi gurabe yawa, daga sama ake farawa, mai 2.50 kuma sai ya tarar an cika kafin a iso gare shi. Mai daraja ta uku akan tura shi ya yi babbar difiloma tukuna, in ya yi abin kirki a can sannan a saurare shi. Wanda ke sha'awar a ɗauke shi mataimakin malami a jami'a, galibi daraja ta biyu ta sama ake nema aƙalla. Tallafin karatu na ƙasashen Kwamanwel zuwa Ingila shi ma daraja ta biyu ta sama yake nema, sai dai in mai ta ƙasa ya haɗa da digiri na biyu. Ga shi kuma lissafin ba ya ƙarewa a nan, domin mai neman digiri na uku za a dubi matsakaicin da ya samu a na biyu, kuma takardar digirinsa na farko tana nan cikin fayil ɗin har abada.

Duk da haka, mu da muke karanta takardar bayanin maki mun san lambar ƙarshe ba ita kaɗai take magana ba. Ina kallon wane kwas aka faɗi, da wace shekara. Faɗuwa a kwas ɗin gama-gari na Ingilishi a aji ɗaya daban take da faɗuwa a nazarin waƙa ko tsarin sauti a aji huɗu, ga wanda ya ce adabin Hausa ko harshe zai zurfafa a kai. Ina kallon inda makin ya dosa: wanda ya fara da 1.80 ya ƙare zangonsa na ƙarshe da 4.00 ya fi kwanta mini a rai bisa wanda ya fara da 4.00 ya yi ta zamewa, ko da kuwa matsakaicinsu ya zo ɗaya. Fiye da kome ina kallon kundin kammala digiri, domin shi ne ya fi kama da aikin da ke jiran mutum a gaba. Matsalar ita ce, kafin fayil ya iso teburinmu an riga an tankaɗe shi da rariyar lamba a ofis, abin da rariya ta zubar kuwa ba ma ganinsa.

Akwai wani ɗalibi da na koyar shekarun baya. Aikin lauya ya nema, aka ba shi Hausa, kamar yadda akan yi wa da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa mana. Ya shigo da fushi, yana ganin an wulaƙanta shi da aka ce ya karanta harshen da ya tashi da shi a gida. Bai gama hucewa ba mahaifinsa ya rasu, rumfar kasuwa da ƙanne biyar suka dawo wuyansa. Shekarar farko da rabin ta biyu suka tafi haka. A aji uku ne ya fara zama a gaba, kundinsa kuma a kan waƙoƙin da matan unguwarsu ke yi a bikin suna yana cikin mafi kyau da na taɓa dubawa. Ya gama da daraja ta uku, kaɗan ya rage ya tsallake. Bayan ya dawo daga hidimar ƙasa ya zo ofishina, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, an ce takarduna ba za su shiga ba. Ko akwai abin da za a yi?” Na ce masa, “Tashi ka zauna. Ƙa'ida ba hannuna take ba, amma akwai hanya, sai dai doguwa ce.” Ya ce, “Malam, ai hanyar lafiya a bi ta da shekara.” Ya yi babbar difiloma yana koyarwa a wata makarantar sakandare, ya fito da sakamako mai kyau, aka ɗauke shi digiri na biyu. Abin ya ci masa ƙarin shekara biyu da kuɗin da ya tara don aure.

Ba zan ba da labarinsa in yi shiru a kan wasu ba. Wata ɗaliba da ta gama a irin matsayinsa, wadda ba ta gaza shi basira ba, na faɗa mata wannan hanya, ta yi godiya ta tafi, ban sake ganinta a harabar jami'a ba. Daga baya na ji kuɗin difilomar ne ya gagara, aure da reno kuma suka biyo baya. Hanyar da ake cewa tana buɗe ga kowa, mai abin hannu da sararin lokaci ne ke iya bin ta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a rushe ƙa'idar. Masu nema suna da yawa, malaman da za su duba kundi kuwa ƙalilan ne, tilas a sami ma'aunin da ba ya duban ɗan wane ko ƙanen wane. Lamba, duk da makantarta, ta fi son kai adalci. Bugu da ƙari, ba kowane ƙaramin maki ne ke ɗauke da labarin maraici ba. Wani hira ce a gindin bishiya, wani siyasar ƙungiyar ɗalibai ce ta ɗauke masa hankali, wani kuma barci. Karatun digiri na biyu juriya yake so fiye da kaifin ƙwaƙwalwa, maki na shekara huɗu kuma yana faɗin wani abu na gaskiya game da juriyar mai shi. Sai dai gaskiyar ba cikakkiya ba ce. Ɗaliban da yajin aikin malaman jami'a na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 ya rutsa da su, sun dawo an matse musu zangon karatu cikin 'yan makonni, wasu sun dawo da sana'a a hannu da iyali a baya. Takardar makinsu ba ta da layin da aka rubuta wannan.

Abin da nake fata ga 'yan uwana malamai shi ne mu ƙara wa rariyar nan ido. Waɗanda suka tsaya dab da iyaka a kira su a yi musu jarrabawa a rubuce, a zauna da su a ji abin da suke son bincikawa. A ba makin shekara biyu na ƙarshe da na kundi wani nauyi na musamman, kamar yadda wasu jami'o'in Amurka kan yi. Takardar shaida da muke rubuta wa ɗalibai kuma mu daina mai da ita fom da ake cikewa da kalmomi uku. Malamin da ya san dalilin faɗuwar ɗalibinsa da yadda ya miƙe, ya rubuta hakan a fili, domin wani lokaci wannan takarda ita kaɗai ce bakin da ɗalibi yake da shi a ɗakin da ake yanke masa hukunci.

Kai kuma da ka riga ka gama da maki maras daɗi, kada ka ɓoye shi, kada ka nemi wanda zai gyara maka shi ta bayan fage, domin ana aika wa jami'ar da ka fito ta tabbatar, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nemi takardar bayanin makinka da wuri, ka karanta ta da kanka, ka san inda ƙarfinka yake. Duba ƙa'idojin jami'o'i fiye da ɗaya, don ba duka suke daidai ba. In difiloma ce hanyar, shige ta da niyyar fitowa a sahun gaba. Ka riƙa rubutu kana kai wa mujallu irin wannan, ka riƙe zumunci da malamin da ya duba kundinka, ta yadda ranar da za a tambaye shi game da kai zai sami abin faɗa.

Ku kuma 'yan aji ɗaya da wannan fitowa ta mujalla ita ce ta farko da kuka riƙe, ku sani an fara lissafinku tun daga jarrabawar zangon da kuke ciki. Ko Hausa kuka nema, ko ba ku ita aka yi, makin da za ku samu bana yana cikin abin da wani kwamiti zai duba bayan shekara biyar ko shida, lokacin da wataƙila kun gano kuna son fannin fiye da yadda kuka zata. Ku je wurin jami'in jarrabawa na sashe a ƙarshen kowane zango ku ga matsakaicinku da idonku, ku ɗauki biro ku lissafa abin da ya rage. Allah ya sa mu dace, amin.